Tambayi Kawu: Tsibin Kaza a Japan da Karar Bakatsine

*Assalamu alaikum Kawu, ya iyali, ya sanyi? Ni malamin gona ne a nan Katsina, kuma in Allah ya yarda wata mai kamawa zan tafi kwas na wata uku a Japan. Akwai wani Bajapane da muka taɓa aikin noman shinkafa tare. Da ya ji zan zo sai ya turo mini hoton wani faranti, an tsiba soyayyiyar kaza a kai kamar dalar gyaɗa, ya ce Juma'ar farko da dare shi da abokansa can za su kai ni. Wai izakaya ake kiran irin wurin, kuma wannan ya yi suna wajen cika kwano. Da na bincika sai na ga ashe giya ake sha a ciki. Kawu, mutumin nan ya yi mana kirki, ina jin nauyin in ce masa a'a. In je ko kar in je? In na je me zan ci? Wa ke biya? Kuma in abinci ya fi ƙarfinmu, za a ƙulla mini saura a leda?*

*Ɗanka, daga Ƙofar Marusa, Katsina*

Wa alaikumus salam ɗana. Tambaya huɗu ka jero, amma ni inda na tsaya a wasiƙarka shi ne wurin da ka ce kana jin nauyi. Da na karanta sai na ce to, Bakatsine ya zo. Ba banza aka yi mana kirari da ɗakin kara ba, kunya gare mu ba dai tsoro ba. A Katsina wannan kara ado ce. A Japan kuwa, in ba ka yi hankali ba, ita za ta sa ka zauna inda zuciyarka ba ta so, ka haɗiye abin da ba ka san mene ne ba, kana murmushi kana cewa ya yi daɗi.

Izakaya gidan shan giya ne da ake cin abinci, kada wani ya rufe ka. Sunan ma abin da yake nufi ke nan, shagon barasa da ake zama a ciki. Asalinsa tun zamanin Edo ne, tsakanin 1603 da 1868, lokacin da masu sayar da giyar shinkafa suka fara barin mutane su sha a nan bakin shago, suna ba su ɗan abin taɓawa. Yau ya zama majalisar ma'aikata bayan an tashi aiki. Za ka gane shi da jar fitilar takarda a ƙofa da ɗan labule gajere da ake sunkuyawa a shiga. Mai shayin bakin titinmu ka ɗauka, ka ƙara masa rufi da girki da hayaniya, sai dai abin da ke cikin kofin ba shayi ba ne.

Hukunci kuwa ka san shi tun kana allo. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a kan abincin da ake zagayawa da giya. Ba ni da abin ƙarawa a kai, kuma kafin ka tashi ka zauna da malaminka ka faɗa masa yadda wurin yake ba tare da ka rage komai ba. Abin da zan iya ba ka shi ne dabara, don ni na taɓa faɗawa ramin da kake leƙawa.

Na yi kwas a Tsukuba, garin da ke da cibiyar horar da ma'aikatan gona ta JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, tafiyar minti 45 a jirgin ƙasa daga Akihabara ta Tokyo. Mu biyu ne Hausawa, ni da wani Bahaɗeje, kuma ka san tsakaninmu da su sai tsiya. Malamanmu biyu suka gayyace mu, kara ta hana ni cewa komai, muka bi su. Ɗaya daga cikinsu dattijo ne mai furfura, ya san ba ma cin alade, don haka ya zaɓi gidan da ya ƙware a kifi. Muka tuɓe takalma a ƙofa, na gode Allah safata ba ta huje ba, ta Bahaɗeje kuwa babban ɗan yatsa na leƙe. Aka zaunar da mu kan tabarma, teburin gajere, da rami a ƙarƙashinsa inda ake zura ƙafa. Aka kawo wa kowa jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi na goge hannu, da wani ɗan kwano da ba mu ce a kawo ba.

Su suka ce a kawo giya, mu aka kawo mana shayin ulon mai sanyi. Babu wanda ya matsa mana, wannan kam sai in yi musu shaida. Amma ni dai raina bai kwanta ba har muka fita.

Da aka zo zaɓen abinci, sai muka ga hoton curin shinkafa da aka naɗe da baƙin ganyen teku, onigiri suke ce masa. Mun saba saye a kanti, bai fi ƙwallon fura girma ba, loma uku ka gama. Bahaɗeje ya ɗaga yatsa biyu, ni ma na ɗaga biyu don kada a raina Katsina. Dattijon nan ya ja iska ta tsakanin haƙoransa, ya karkata kai, ya ce "chotto", wato "ɗan kaɗan", ya yi shiru. Daga baya na gane cewa in Bajapane ya yi maka haka, a'a ce ya faɗa da babbar murya. Su ma 'yan ɗakin kara ne, har sun fi mu. Mu kuwa muka ce a kawo.

Sai ga wata tsohuwa ta fito da tire tana riƙe da hannu biyu. Curi huɗu, kowanne ya kai kan jariri. Bayansa ga wani ɗan kwalekwalen katako shaƙe da yankakken ɗanyen kifi, sai gasasshen muƙamuƙin kifin tuna da ya kusa kamu ɗaya, sai kabeji tsibi guda da gishiri da man riɗi. Mutanen teburin da ke kusa suka juyo suna tafi. Bahaɗeje ya dube ni ya ce, "Bakatsine, yau ake yin ta." An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a daren nan ba mu bari idon ya gani ba kafin baki ya yi magana.

Muka ci, muka ci, har na sassauta bel. Curi ɗaya da rabi ya rage, da wajen rabin kabejin. Hankalina kwance, don a tunanina ɗumamen safe ya samu. Na yi wa tsohuwar alamar leda. Ta sunkuya ta ba da haƙuri, ta sake sunkuyawa, ta gicciya hannuwanta biyu. Ba a fita da saura a gidan, balle an ci shi da ɗanyen kifi. Dattijon malamin namu bai ce uffan ba, ya jawo curin nan gabansa ya dinga tura shi da ƙyar, gumi na tsattsafo masa a goshi, har ya cinye ɗaya. Rabin da ya rage, ina kallo aka kwashe shi aka yi bayan gida da shi. Ni da na ƙetare duniya don in koyi noman shinkafa, na san yawan sunkuyon da ke cikin mudu ɗaya.

Ka ga, a wurinmu sauran abinci yana da magada. Kwanon maigida in ya dawo daga zaure, yara na jira. In sun bari, almajiri na bakin ƙofa. In ya kwana ya zama ɗumame, in ya kama tukunya ya zama ƙanzo, in ya lalace kaji da awaki su samu. Shi ya sa ba ma tsoron cika akushi, har ma abin kunya ne baƙo ya ga gindin kwano. A izakaya saura ba shi da magaji sai kwandon shara, kuma mai gidan yana ɗaukar abin da ka bari tamkar ka raina girkinsa. Suna da kalma, mottainai, takaicin ganin abu mai amfani ya tafi a banza. Marigayiya Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta ji kalmar a ziyararta Japan a 2005, ta ɗauke ta ta yi ta yaɗawa a duniya. Birnin Matsumoto ya ɓullo da wata al'ada a 2011 da ake kira 30-10: a wurin walima kowa ya zauna ya ci abinci minti 30 na farko da minti 10 na ƙarshe, maimakon a yi ta yawon gaisawa abinci na hucewa. A 2019 kuma suka kafa dokar rage asarar abinci, kuma tun daga nan hukuma ke ƙarfafa gidajen abinci su riƙa barin mutum ya tafi da saura. Wasu sun yarda, da yawa har yanzu suna tsoron kada ciki ya ɓaci a ce su ne. Don haka ka tambaya tun kafin a kawo abincin. Kalmar ita ce mochikaeri.

Irin farantin da aka turo maka hotonsa, dekamori suke kiransa. Kwanon shinkafa na mutum ɗaya a can bai wuce giram 150 ba, shi kuwa dekamori yana kai kilo ɗaya, biyu, har fiye. Ba don mutum ɗaya aka yi shi ba, sai in gasa ake. Ciyayya ce irin tamu ta ƙofar gida bayan magariba, a ajiye a tsakiya kowa ya miƙa hannu, sai dai su kowa da ɗan farantinsa da yake ɗiba a ciki. To ka ƙirga bakuna kafin ka ɗaga yatsa. Gwamma ma kada ka ɗaga, bar mai masaukinka ya zaɓa, ya san gidan. A izakaya ba a kawo komai lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan ake kira ana hira, in bai isa ba ka ce "sumimasen", wato gafara dai, da ƙarfi a ƙaro.

Yanzu kazar nan da ta ɗauke maka ido. Karaage sunanta, kuma ina baƙin cikin sanar da kai cewa hoto kawai za ka ci. Matsala uku gare ta. Yanka ba na Musulmi ba ne, sai in gidan yana da shaidar halal. Kafin a soya ana jiƙa ta a shoyu, wato baƙin ruwan waken suya mai gishiri, da citta da tafarnuwa, kuma galibi da ɗan giyar girki. Sannan man da aka soya ta sau da yawa shi ne aka soya alade a ciki. Girkin Japan akwai abin da ke ɓuya a cikinsa da ba ka gani da ido: mirin, wani zazzaƙan ruwan shinkafa da barasarsa ta kai kashi 14 cikin ɗari. Duk abin da ka ga yana sheƙi, launin ƙasa-ƙasa, da ɗan zaƙi, to ka zarge shi. Alade kuma buta ne ko ton a bakinsu, ka riƙe waɗannan biyun. Tonkatsu alade ne, romon taliyar tonkotsu ƙashin alade ne, 'yan ƙunshin fulawa da ake kira gyoza galibi alade ne a ciki, soyayyiyar shinkafa ma ba ta rasa 'yan gutsattsari.

Ba yunwa za ka kwana da ita ba. Mu mabiya Malikiyya duk abin da ya fito daga ruwa halal ne a gare mu, kuma Japan ƙasar kifi ce. Ka ce a gasa maka da gishiri kawai, shio ke nan. Akwai wani kifi hokke da ake tsagawa a shanya a gasa, in ka rufe ido sai ka ce bandar bakin dam ɗin Jibiya ce aka yi wa gata. Akwai edamame, ɗanyen waken suya da aka dafa cikin ɓawonsa da gishiri, ana matso shi da haƙori kamar dafaffiyar gurjiya. Akwai awara, sai dai tasu mai sanyi ce, ba suya ba yaji, ranar farko za ka ji kamar an cuce ka. Akwai kuɓewa, da sunanta okura. Kabejin nan mai man riɗi kuwa ka ci da ƙarfin gwiwa, Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya, ba mamaki daga kasuwar Maigatari ya taso ya riga ka zuwa. Ka sa ƙullin yajinka a aljihu.

Abu biyu game da tsinkayen cin abinci, don na ga an yi an ji kunya: kada ka soke su a tsaye cikin shinkafa, kuma kada ka miƙa wa wani loma daga tsinkenka zuwa nasa. Dukansu al'adun jana'iza ne a wurinsu. In hannunka ya ƙi, nemi cokali, ba wanda zai yi maka dariya.

Biya. Tsakanin abokai karo-karo suke yi, warikan, a raba lissafi daidai da kawuna, wanda ya sha ruwa da wanda ya sha giya duk ɗaya. Ka lura da wannan, don yana nufin kuɗinka zai shiga kuɗin giyar wani. Zama ɗaya yakan ci yen, kuɗin Japan, 3,000 zuwa 5,000 kowane mutum. Ɗan kwanon nan da na ce an kawo ba mu nema ba, otoshi, ba kyauta ba ne, kuɗin wurin zama ne, yen 300 zuwa 500 a kan kowa, kuma shi ma ka tambayi abin da ke ciki kafin ka taɓa. Amma tunda liyafar maraba ce aka shirya dominka, al'adarsu baƙon ba ya biya. Kada ka tashi ka kama kokawar "wallahi ni zan biya" irin tamu a gaban mai kuɗi, za ka rikita wanda aka ɗora wa tara kuɗin. Ka yi godiya a wurin, washegari ka sake yi. Kada ka bar wa ma'aikaci na goro, zai biyo ka titi da gudu ya mayar maka.

Tsaraba ita ce hanyar ramawa, amma ina roƙonka da girman Allah kada ka sa kilishi a jaka. Na san shi ne farkon abin da Bakatsine zai tuna. Japan ta hana shiga da kusan kowane irin nama, busasshe ko ɗanye, akwai karnuka masu sunsuna kaya a filin jirgi, kuma tun 2020 hukuncin ya kai tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Sai masa hula mai kyau ko jakar fata ta dukawa.

To in je ko kar in je? Ga abin da na yi a karo na biyu. Na sami dattijon nan na faɗa masa gaskiya, cewa ba sha kawai ba, zaman ma yana yi mini nauyi a addinina. Na zaci zai ɓata rai. Sai ya ce me ya hana ni faɗa tun farko, shi ma ai cikinsa bai manta da curin nan ba. Ranar Asabar da rana ya kai mu wani ƙaramin gidan abinci na ɗalibai, mu biyar muka taru a kan faranti ɗaya na kifi da shinkafa, muka share shi tas. Gidajen cika kwano ba izakaya kaɗai ba ne, kuma izakaya da yawa suna buɗewa da rana su sayar da abinci zalla ga ma'aikata. Ka rubuta wa abokinka yau, ba sai ka sauka ba. Bajapane ba ya ƙin sharaɗi, abin da ya tsana shi ne a zo masa da shi ba zato bayan ya gama shiri. Ka ce masa ba ka shan giya, ba ka cin alade da naman da ba halal ba, ka fi son haɗuwar rana, kuma kana ɗokin ganin tsibin nan in dai na kifi ne. In Juma'a ta same ka a Tokyo, ka nemi babban masallacin Turkawa da ke Yoyogi-Uehara, a unguwar Shin-Okubo kuma akwai shagunan halal, a can za ka rama kazarka.

Allah ya kai ka lafiya. In ka dawo ka biyo ta gida ka ba ni labari.

*Kawu, ina wuni? Ina sayar da shinkafa da wake a kusa da tasha a nan Daura. Ɗana yana nuna mini bidiyon mutanen Japan da ke zuba abinci kamar ba da kuɗi suka saya ba. Shin ba sa faɗuwa? In na gwada, ciniki zai ƙaru?*

*Mai abinci, Daura*

Lafiya lau Hajiya, ya kasuwa? Ba sa faɗuwa don sun san inda suke tsibawa. Ki sa ɗanki ya tsayar da bidiyon ki duba da kyau: gindin tudun shinkafa ne ko taliya ko kabeji ko tsiron wake, wanda yana cikin mafi arahar kayan miya a ƙasar, naman kuwa a sama yake kamar hula. A izakaya kuma ribar ba a faranti take ba, a kofi take. Abinci mai gishiri da maiƙo yana kiran abin sha, taro ya zo don hoto, ya zauna awa biyu yana ƙarawa. Da yawa daga gidajen nan a unguwar ɗalibai ko 'yan ƙwadago suka fara, mai gida na tausayin yara masu yunwa yana ƙara musu ludayi, har abin ya zama suna. Su ma sun ji jiki kwanan nan. Tsakanin 2024 da 2025 farashin shinkafa ya kusa ninkawa a Japan, buhun kilo 5 ya haura yen 4,000, har gwamnati ta buɗe rumbunta na ajiya, gidajen abinci da dama suka daina ba da ƙari kyauta.

Ke kuwa shinkafar ita ce jarinki, kuma ruwan leda ba zai mayar miki da abin da kika tsiba ba. In za ki gwada, ki ware tire ɗaya babba na mutum huɗu, ki yanka masa kuɗin da ya ɗan gaza na faranti huɗu, ki cika gefensa da salak da albasa da kabeji. 'Yan kamasho da direbobi dama tare suke ci, kin rage wanke-wanke, kin sayar da huɗu a zubi ɗaya. Ki ajiye zoɓo mai sanyi a kusa. Gyaran da kike yi wa tsofaffin abokan cinikinki da gefen ludayi kuma kada ki daina, amma ki riƙa auna mudun da kika ɗora da safe da kuɗin da ya shigo da yamma har mako biyu, kafin ki sayi tire na biyu.